Kwalin da Na Miƙa wa Baba Hassan

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da wata Laraba da na sa kwat a cikin zafin Yauri don in sallami mutumin da ya samo mini aiki. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau idan na ji ƙaurin bandar kifi sai kunya ta rufe ni, kuma ba kifin ne ya yi mini laifi ba.

Bari in fara da ciwona. Ni mayen fina-finan Turawa ne, musamman waɗanda ake nuna manyan kamfanoni sun shiga matsi suna rage manyan ma'aikatansu. Kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. A kira babban mutum cikin wani ɗaki na gilashi, a ajiye masa ruwa a kofi, wani mai sanyin murya ya gaya masa cewa ba laifinsa ba ne, kamfani ne ya sauya alƙibla. Sai a ba shi kwali ya zuba hoton iyalinsa da 'yar tukunyar fure, mai gadi ya raka shi har bakin titi, kiɗa mai taushi yana tashi. Wani lokaci har ruwan sama ake sako masa don a ƙara tausayi. To ni ba wanda aka kora nake kallo ba. Mai korar ne yake burge ni, don ba ya gumi, ba ya in'ina, ba ya sunkuyar da kai. A raina nakan ce wannan shi ne sanin aiki, mu nan wasan yara muke yi.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Yelwa, ni ne jami'in kula da ma'aikata (sunan muƙamin ya fi ofishin girma, don tebur ɗaya ne da fanka mai tari). Manajan sayen shinkafa kuwa Malam Hassan ne, aminin marigayi mahaifina. Tun ina rarrafe Baba Hassan nake ce masa. Shi ya ɗauki takarduna da hannunsa ya kai wa manya lokacin da na gama karatu ina zaman kashe wando. Daga Shanga har Wara babu manomin shinkafar da bai san shi ba. Ƙwaya ɗaya zai sa a haƙori ya gaya maka ko ta bushe, kuma ba a taɓa jin ya danne ma'auni ba. Ba shi da gidan bene, ba shi da mota. Sunan nan nasa shi ne duk abin da ya tara a shekarun da ya yi yana aiki.

Ranar Litinin takarda ta zo daga hedikwata cewa za a rage manyan ma'aikata, kuma a reshenmu sunan Baba Hassan ne ya fito. Babban manajanmu yana karantawa sai wata tafiyar gaggawa ta taso masa zuwa Birnin Kebbi, ya tura mini takardar ya ce ai wannan ɓangarena ne. Na ji ba daɗi, wallahi na ji. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, a ƙarƙashin rashin daɗin akwai wani ɗan zumuɗi. Fim ɗina ne ya zo har gida, kuma ni aka ba babban matsayi a ciki.

Kwana biyu ina gwaji a gaban madubi. Matata Hauwa ta leƙo ta tambaye ni da wa nake Turanci. Da na gaya mata, sai ta zauna a bakin gado. Can ta ce in nemi wani dattijo ya raka ni gidansa bayan la'asar, a zauna a zaure, a gaisa, a faɗa masa a hankali, in ya so ya daina zuwa da kansa ba wanda ya sani. Na dube ta da tausayi irin na wanda ya ga duniya (a allon kwamfuta), na ce mata harkar kamfani ba harkar zaure ba ce.

Na tanadi ruwan gora da kofi. Na kira mai gadinmu Bawa na ce gobe zai tsaya a ƙofar ofishina, in na yi masa alama ya raka wanda ya fito har bakin ƙofar kamfani. Saura kwali. Na zaga ofis ban samu ba, sai na hau babur na tafi bakin ruwa inda ake ɗaure bandar kifi ana lodawa zuwa kudu. Nan na sami wani ƙaton kwali wanda ɗan maraƙi zai iya kwanciya a ciki. Ya sha kifi har ya yi maiƙo. Na fesa masa turare rabin kwalba, abin da ya fito kuwa ya fi na farko muni.

Abin da ban lissafa ba shi ne Laraba ranar awo ce. Tun da safe harabar kamfani ta cika da manoma da buhunansu, wasu da motoci daga Shanga, wasu sun tsallako da jirgin ruwa. Na aika aka kira Baba Hassan daga wurin sikeli. Ya shigo da ƙaiƙayi a hularsa, ya dubi kwat ɗina ya yi murmushi, ya fara gaisuwa kamar kullum. Ya tambayi ƙafar mahaifiyata Inna, ya tambayi Hauwa da yara. Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na nuna masa kujera, na tura masa kofin ruwa, na gyara murya na kwararo masa haddata da Turanci: ba laifinsa ba ne, kamfani ya sauya alƙibla, ya ɗauki wannan a matsayin wata sabuwar dama.

Ya saurare ni har na kai aya. Yana jin Turanci sarai, ya fi ni ma. Amma sai ya ce, "Ɗana, faɗa mini da Hausa."

Na buɗe baki na nemi alƙibla da sabuwar dama, duk suka gudu. Abin da ya rage kalma uku ce, kuma su na faɗa: an sallame ka.

Ya yi salati a hankali, ya shafa fuska, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai ya roƙi abu ɗaya. Ya ce mutanen Shanga tun asuba suke layi, in bar shi ya ƙarasa musu awo, da azahar sai ya tafi. A nan ne ya kamata in dawo hayyacina. Amma a fim ba a barin wanda aka sallama ya koma bakin aiki. Na ce masa yana da rabin awa ya tattara kayansa, na jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur na miƙa masa, na ɗaga wa Bawa hannu.

Ya dubi kwalin, ya dube ni. Sai ya ce, "To, tunda doka ce."

Kayan nasa duka guda huɗu ne: sallaya, buta, tabarau, da ɗan ƙarfen da yake huda buhu da shi. Da hannu ɗaya zai iya riƙe su. Amma ya zuba su a ƙaton kwalin nan saboda ni na ba shi, ya rungume shi ya fito. Na tsaya a taga ina jiran kiɗa mai taushi. Abin da na gani shi ne dattijo mai furfura yana ratsa taron manoma da kwali a ƙirji, mai gadi da kulki yana bin bayansa. Bawa kansa a ƙasa, don Baba Hassan ne ya yi masa waliyyi a aurensa. Sai na ji wani daga cikin manoman ya tambayi na kusa da shi, da muryar da kowa ya ji:

"Mi yaɗ ɗauka?"

A nan na gane abin da na aikata. A ƙasar masu fim, kwali da mai gadi alama ce ta an rage ma'aikata. A Yauri kuwa, mutum ɗaya ne ake fitarwa da kaya a hannu da mai kulki a baya. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa an kama Malam Hassan da kayan kamfani. Kafin la'asar an ce dama ya daɗe yana yi. Manoman kuma suka koma garuruwansu da labarin a baki.

Washegari da safe Inna ta aiko in zo. Na same ta zaune a tabarma ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta tuna mini cewa ranar da aka rufe mahaifina, Hassan ne ya shiga kabari ya karɓe shi, ni ina gefe ina kuka ban iya komai ba. Ta ce aiki na masu kamfani ne, sun ba shi sun karɓe, ba ta da magana. Amma sunansa ba su suka ba shi ba. "Kai kaɓ ɓata shi gaban mutane," in ji ta, "gaban mutane za ka gyara shi. Kada ka sake shigo mini gida sai ka yi."

Don haka bayan sallar la'asar na miƙe a masallacin unguwarsu Baba Hassan, na nemi izinin liman. Baba Hassan yana sahun gaba, bai waiwayo ba. Na ce jama'a su shaida Malam Hassan bai ɗauki ko ƙwayar shinkafa ba, rage ma'aikata aka yi, abin da ke cikin kwalin kuma sallayarsa ce da butarsa. Na ɗauka shi ke nan, har na fara neman wurin zama. Sai wani tsohon masunci daga gefen bango ya ce yana da tambaya. In bai ɗauki komai ba, mi ya kawo mai gadi? Kamfani ne ya rubuto a yi masa haka?

Ina iya cewa e. Ba wanda ya ga takardar sai ni da manaja. Amma a cikin masallaci nake, ga kuma ƙeyar Baba Hassan a gabana. Na ce a'a, takardar ba ta ce haka ba.

"To ina kas samo wanga tsari?"

Na ce, "A fim na gani."

Ba wanda ya yi dariya. Na so a ce sun yi, wallahi, da na sami inda zan ɓoye. Tsohon ya maimaita a hankali, "A fim," kamar mai ɗanɗana magani mai ɗaci. Liman ya yi addu'ar Allah ya shirya mana zuri'a, kowa ya ce amin da ƙarfi, kuma na san zuri'ar da ake nufi. Ni mai 'ya'ya biyu, mai digiri, na tsaya ina zufa ina neman takalmina a bakin ƙofa na kasa gane shi.

Bai ƙare a nan ba. Sai da na yi Asabar uku ina hawa babur zuwa Shanga da ƙauyukan Ngaski, ina bin manoma rumfa rumfa ina maimaita wannan magana. Wasu suka yarda nan take, suka ce dama ba su taɓa gaskatawa ba. Wasu suka gyaɗa kai kawai. Har yau na san akwai wanda ya ji labarin farko bai ji na biyu ba, kuma wannan yana damuna fiye da kunyar masallaci.

Bayan wata bakwai aka zo kaina. Ba ɗakin gilashi, ba kofin ruwa. Saƙon sallama ne ya shigo wayata ranar Asabar ina tsugune ina cinikin albasa, layi uku, har da kuskure a sunana. Sai a lokacin na lura cewa fina-finan nan a bakin ƙofar kamfani suke kashe kyamara. Ba sa nuna safiyar Litinin, lokacin da ka yi wanka ka sa kaya sannan ka tuna ba inda za ka. Na kwana biyu ban fita ba. Abokan ofis suka yi ta turo saƙon jaje, amma ba wanda ya tako.

Rana ta uku da hantsi na ji sallama a zaure. Baba Hassan ne. A lokacin ya koma sayen shinkafa na ƙashin kansa, manoman da suka san shi suna kai masa. Ya zauna, ya tambayi ƙafar Inna, ya tambayi Hauwa da yara ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan ya yi mini jaje, ya ce in na huta yana neman wanda zai riƙa raka shi ƙauye. Da zai tafi ya ce in zo in taya shi sauke wani abu daga babur.

Kwalin ne. Na gane shi tun daga nesa, da maiƙonsa da komai. Ya cika shi da shinkafa a leda da bandar kifi a sama.

"Kayanka ne, na daɗe ina son in maido," in ji shi. "Amma ba a maido wa mutum mazubi wofi."

Na kasa godiya, na kasa ba da haƙuri, sai hawaye. Ya dafa kafaɗata ya hau babur ɗinsa.

Har yanzu ina kallon fim, ba zan yi ƙarya ba. Amma na sa wa kaina doka ɗaya: duk maganar da ba zan iya zama a zauren mutum in faɗa masa da Hausa ba, ba na faɗarta da Turanci a ko'ina. Kwalin kuwa yana nan a saman durowa. Hauwa ta yi ta fama in jefar da shi saboda ƙaurinsa, ni kuma na ce a bar shi, ni ne ya kamata in riƙa shaƙa.