Hannun da Ya Fi Samfefa

Wani mutum ne a garejin fentin motoci da ke bayan tasha a Funtuwa, ana ce masa Ilu. Aiki kam ya iya daidai gwargwado, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki sau goma. In ka zauna Ilu yana ba ka labari, sai ka rantse shi ya yi wa jirgin alhazai fenti yana cikin tafiya.

Ka san kafin a fesa wa mota fenti sai an cike inda ta loɓa, a goge da samfefa har jikin ya yi sumul. To, wani direban tirela, surukin Ilu, ya taho masa da tsaraba daga Legas: wani soso kamar yankin katifa, an lulluɓe shi da yashin samfefa mai laushi. Abin ba a taɓa ganinsa a garejin ba. Yana lanƙwasa, yana shiga kowane lungu, a bushe ya yi aiki, a jiƙe ya yi aiki, in ya cushe a wanke a matse ya dawo sabo.

Da wani ne ya samu, da sai ya nuna wa abokan sana'a. Ilu fa? Sai ya sa reza ya yanka shi ƙanana, daidai tafin hannu. Dama Allah ya ba shi hannu kamar faifai. Ya riƙa ɓoye guda a tafinsa yana murza mota, masu kallo ba sa ganin komai sai bayan hannu. In ya gama ya tsoma hannu a bokitinsa mai ruwan dauɗa, ya tura soson ƙarƙashin tsumma, ya ɗago hannu fayau.

"Ku dai ku yi ta fama da takarda," in ji shi. "Ni hannuna ya fi samfefa. Gado ne. Kakana da tafinsa yake goge turmi har mata su duba fuskarsu a ciki!"

Mutane suka yi ta mamaki, ban da Sallau, wani dattijon mai fenti da rumfarsa ke kallon ta Ilu. Sallau ba shi da yawan magana, amma idonsa ba ya barci. Ya lura da abu biyu. In Ilu yana aiki ba ya ba kowa hannu sai wuyan hannu, ko da ba datti. Sannan ba a taɓa masa bokiti, ko kaza ta leƙa sai ya jefe ta.

Ana nan sai ga Alhaji Barau, mai motocin haya, ya zo da bas guda cikin shida da yake so a sabunta wa fenti. Duk wanda ya samu aikin nan ya warke har bayan Sallah. Alhaji ya fito cikin farar babbar riga, sabuwa fil, ta sha guga sai ƙyalli take, don daga nan ɗaurin aure zai wuce.

"Wa ake cewa yana goge mota da hannu?"

Ilu ya yi tsalle ya dira gabansa. "Ranka ya daɗe, ga shi gabanka. Har daga Kaduna ake zuwa kallona."

"To ga ƙofar nan, an cike ta jiya. In na ga abin da ake faɗa, shidan duka naka ne."

Ilu ya zura hannu aljihu kamar mai neman goro, ya fito da shi a dunƙule. Ya manna a ƙofa. Sai shuu, shuu, shuu, farar ƙura tana tashi. Kafin a jima wurin ya kwanta luf. Alhaji ya shafa, ya sake shafawa, ya girgiza kai.

"Ikon Allah! Na gamsu. Aiki naka ne."

Jama'a, da a nan Ilu ya mai da hannunsa aljihu, da yau wani labarin nake ba ku. Amma ina! Ya ga taro ya kewaye shi, kai ya kumbura.

"Alhaji, ai ba ka ga komai ba. Wannan gugar bushe ce, ta masu koyo. Bari ka ga ta ruwa, wadda ƙuda ke sauka ya zame!"

Ya jawo bokiti, ya tsoma hannu tsundum, soso ya sha ya ƙoshi. Ya hau murzawa, caɓal, caɓal, yana yi yana waƙar kakansa. Ruwan toka-toka yana gangarowa, ƙofa ta ɗauki santsi. A daidai lokacin Sallau ya taso a hankali.

"Ruwan nan ya yi dauɗa, Ilu, bari in sauya maka."

Ya sunkuci bokitin ya yi gaba. Ilu ya waiga. Ba bokiti, ga ido sun fi arba'in a kansa. Sai ya dunƙule hannu ya kai shi baya, yana yaƙe.

Sallau ya dawo ya ce, "Alhaji, hannu irin wannan ai ba a wuce shi ba a gaisa ba. A taɓa a sami albarka."

"Gaskiyarka, Malam Sallau. Kawo hannu, Ilu."

Ilu ya miƙa wuyan hannu. "Ranka ya daɗe, da datti."

"Haba! Ni ma da baƙin mai na fara. Ba na gaisawa da wuyan hannu. Kawo!"

"Alhaji, kaifi gare shi, kada ya yanke ka."

"Ya yanke ni ɗin."

To, babba ya miƙo maka hannu a gaban mutane, ina za ka kai naka? Alhaji kuwa tsohon makanike ne, riƙonsa ba wasa. Ya cafke dunƙulen Ilu da hannu biyu, ya matse da murna.

Tsiiit!

Ruwan dauɗa ya yi tsiri ta tsakanin yatsu, ya zana layi tun daga wuyan babbar riga har aljihu. Alhaji ya dubi rigarsa, ya dubi Ilu.

"Mene ne wannan?"

"Zufa ce, ranka ya daɗe. Mu a gidanmu haka muke yin ta."

Alhaji ya ƙara matsawa. Tsiiit! Wannan karon har gemu. Ya sa yatsa ya ɓamɓare hannun, sai ga abu ya faɗo ƙasa tiɓis, ya yi ɗan tsalle, ya kumburo a hankali ya koma siffarsa kamar ba abin da ya faru.

Gareji ya ɓarke da dariya. Mai faci ya faɗi a kan taya yana riƙe ciki, mai shayi ya zubar da madara. Ilu ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Alhaji ya ɗauki soson da yatsa biyu, ya juya shi, ya shafa yashin. "Af, sannu da aiki, kakan Ilu." Ya miƙa wa Sallau. "Za ka iya aiki da shi?"

"Alhaji, ai wannan ko kai ka riƙe sai ka zama ɗan gado."

"To shidan naka ne."

Sannan ya tuɓe babbar rigar, ya ɗora wa Ilu a kafaɗa.

"Kai ma ba za ka tashi a banza ba, ga naka aikin. A wanke ta fes kafin azahar. Amma don Allah da hannunka na gaske, kada ka sa mini kakanka a ciki."