Tsofaffin Wayoyin Motar Hashimu

A wani ƙauye kan tsaunukan Filato, inda sanyin safe ke sa haƙora kaɗawa, akwai gida mai mutum uku: Inna, wadda yanar ido ta hana gani, da babban ɗanta Hashimu mai tsohuwar tasi, da ƙanensa Nomau. Nomau ya ba arba'in baya, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Wawa ake ce masa. Ni dai tausayinsa nake ji.

Likitocin ido za su zo gari ranar Alhamis, yini ɗaya tak a shekara. Don kada mota ta ba su kunya ranar kai Inna, Hashimu ya canza mata fulogi da wayoyinsu, Nomau na riƙe masa tsofaffin. Tun daga nan ta daina tashi da safe.

Wata rana bakanike ya leƙa injin ya ce, "Sanyi take ji, kamar kowa." Nomau ya ɗauko bargonsa ɗaya tilo ya lulluɓa mata. Mota ba ta motsa ba, shi kuma mura ta kwantar da shi.

Wata rana Hashimu ya shiga mazaunin direba ya ce, "Tura, kada ka tsaya sai ta tashi." Nomau ya tura, suka wuce masallaci, suka wuce rijiya. Hashimu na taka birki yana faɗa, shi yana turawa, har cikin gonar dankalin mutane.

"Yaya, ai ba ta tashi ba," in ji shi.

Ranar Alhamis Inna ta yi kwalliya ta zauna a baya, jakarta a cinya. Hashimu ya goge kan batir, ya murɗa makulli har ya gaji. Ya watsar da sufana ya ce wa Nomau, "Mayar da komai inda yake da. Bari in nemo babur."

Nomau ya mayar da sufana akwati. Sannan ya zare sababbin wayoyi da fulogi, ya mayar da tsofaffin, kowanne a gurbinsa, yadda ya ga an ciro su.

Hashimu ya dawo bai samu babur ba. Da ya ga aika-aikar, ransa ya ɓaci, ya murɗa makulli don kawai ya nuna wa Nomau ɓarnarsa. Mota ta tashi. Ashe sababbin wayoyin jabu ne, da raɓa ta taɓa su sai wuta ta zurare.

"Wa ya gyara?" in ji Inna.

Kunya ta kama Hashimu. Ya miƙa hannu ya buɗe wa Nomau ƙofar gaba. Shekara goma sha ɗaya motar tana gidan, Nomau bai taɓa zama a nan ba.