Yadda Za Ka Sayar wa Mawaƙan Gari Kiɗa Ɗaya

Ɗan'uwa, kana da kwamfuta, kana da manhajar haɗa kiɗa, amma tun da ka fara sana'ar nan kiɗa ɗaya tak Allah ya hore maka? Share hawayenka. Bi abin da zan faɗa maka, na ba ka tabbacin kowane mawaƙi zai fita daga ɗakinka yana rantsuwa nasa daban ne.

1. Riƙe ɗan abin da kake da shi

'Yan sandunan nan da ka jera a kan allon kwamfuta, kowacce da sautinta, su ne jarinka. Sa su su riƙa zagayowa suna maimaita kansu. Kada ka ƙara komai. Masu ƙirƙiro sabon kiɗa kullum, ka taɓa ganin sun yi ƙiba?

2. Ja sama, ja ƙasa

Dogo ya shigo da muryarsa mai kama da janareto? Kwashe sandunan gaba ɗaya ka ja su ƙasa, sautin ya yi kauri. Gobe Siririya ta zo da tata mai tsinka kunne, ka mayar da su sama. Ja wutsiyar sanda ɗaya ta yi tsawo, ka gutsure ta kusa da ita. Shi ke nan, sabon kiɗa ya samu. Amma kada ka haɗa da layin ganguna wajen jan, don babbar ganga sai ta koma ƙarar cokali a kofi. In ka riga ka yi, ce musu salon bana ne.

3. Wahalar da fuskarka

Aikin ba ya cin lokaci, to kai ka sa ya ci. Runtse ido, girgiza kai, danna abin da ba ya komai. Sannan ka juyo ka ce, "Siririya, wannan naki ne ke kaɗai, ko a mafarki ban ba wani ba." Za ta gaya maka da shi za ta shiga gasar gidan rediyo, inda ake korar duk wanda kiɗansa ba sabo ba ne. Wannan damuwarta ce.

4. Jefar da abin sawa a kunne

Ƙure lasifika. Ƙwararre ba ya aiki a ɓoye, bari unguwa ta san kana nan. Ummanka da ke bayan bango tana wanke-wanke ma ta ƙaru, safe da yamma.

5. Idan Umma ta shigo

Za ta kawo wa baƙuwa ruwa, tana rera kiɗan a hankali ba tare da ta sani ba.

Siririya za ta ce, "Mama, ina kika ji waƙata? Ai ba ta fita ba."

"Taki, 'yar nan? Ba ta Dogo ba ce? Kafin shi kuma ta mai gemun nan. Ni kam har cikin barci nake jin ta."

Kada ka firgita. Ƙura wa allo ido ka ce kwamfuta ce ta rikice. Siririya ta riga ta ciro waya tana neman lambar Dogo, amma kai ci gaba da dannawa.

Gargaɗi: idan mawaƙa suka yi layi a ƙofarku, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. Ni sanduna na koya maka ja sama da ƙasa. Bakin uwa kuwa, har yau ba a yi manhajar da ke rage masa sauti ba.