Ma'adinin da ke Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na sa Kawu Isa, ƙanen innata, ya tuge dawarsa da hannunsa ba.

Lokacin na gama midil, na sami aiki a Gusau wurin wani Bature mai binciken duwatsu. Aikina ɗaukar na'urarsa: akwati ne da bututu mai iskar gas a ciki. Idan dutse na fitar da wani haske da ido ba ya gani, sai ta yi ƙyas-ƙyas, mu kuma mu zana inda ƙarar ta fi yawa a jikin dutsen. Kullum Baturen yana ƙorafin na'urar ta cika sanyin jiki.

Ran nan sai na lura in na riƙe bututun da hagu, kusa da bakinsa, ƙararta ninkawa take. Shi ke nan, na gyara abin da ya gagari Bature! Ban gaya masa ba (wai kada ya kai basirata Ingila).

Da ya tafi Tsafe ya bar mini ajiyarta, sai na saɓe ta zuwa garinmu, Rawayya, ina ɗaure da sabon agogona mai haske cikin duhu a hannun hagu. Jama'a suka biyo ni gonar Kawu. Duk inda na miƙa bututu, ƙyas-ƙyas-ƙyas.

"Kawu, arziki kake takawa ba ka sani ba," in ji ni.

"Kai yaro, dawag ga ta kusa hidda kai hwa."

"Dawa? Ana zancen ma'adini kana zancen tuwo?"

Bawan Allah ya yarda da ni, don ni ne ɗan boko. Aka tuge kusan rabin gona, aka haƙa rami har ya shanye mutum. Ni kuma na aika wa Bature ya zo ya ga abin mamaki.

Ya zo, ya karɓi bututu, ya shiga rami. Na'ura shiru, sai ƙyas ɗai-ɗai. Ya miƙo mini, ta ɓarke da surutu. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuna, ya kwance agogon ya ɗora kan bututun. Sai ka ce ana suyar gugguru. Ashe fentin da ke haska agogon ne na'urar ke ji. Wallahi na so in faɗa ramin a rufe da ni.

Kawu bai yi faɗa ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya dubi dawarsa a kwance, ya ce, "To Malam, tunda ma'adinin ga hannunka shi ke, mi yas sa ba mu haƙa nan ba?"

Ni na cike ramin, ni na noma masa gonar shekarar da ta biyo baya. Tun daga nan, in na ga abu yana aiki a hannuna ni kaɗai, hannun nake fara bincika.