Ranar da Na Narkar da Ƙanƙara a Suleja

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wannan abin kunyar ba.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, na dawo daga kwas na wata tara a ƙasar Turawa, kaina ya kumbura. A can na ga yadda suke binne wayar lantarki a cikin simintin hanya, ta ɗumama shi, dusar ƙanƙara ta narke, motoci su wuce lafiya. Na dawo ba ni da zance sai wannan. (Matata ta ce ko tuwo take tuƙawa sai na bi ta da lacca.)

Ana neman wanda zai shugabanci sashen ayyuka a ma'aikatarmu, ni kuwa na ƙwallafa rai a kan kujerar. Sai na ce bari in nuna wa Sakatare, shugaban ma'aikatar, abin da na iya. Na sa Baba Audu, tsohon magininmu, ya zuba mini daɓe mai faɗin tabarma a tsakar ma'aikata, na shimfiɗa waya a ciki. Har gyara na yi wa aikin Turawan, na matso da wayar sama don zafi ya yi saurin fitowa. Baba Audu ya ce, "Injiniya, wai ta ina ƙanƙarar za ta zubo mana?" Na ce ya yi aikinsa kawai.

Ranar nuni, ana tsakiyar bazara, wajen azahar, na samo kwano biyu na ƙanƙara wurin wata 'yar kudu mai firjin kananzir. Na miƙa wa Baba Audu kan wayar, na ce kada ya jona sai na ɗaga hannu. Janareto na ruri, Sakatare da mutanensa suka kewaye ni, na juye ƙanƙara a kan daɓe na shiga bayani. Ni da surutu! Kafin in kai rabi, ƙanƙara ta zama ruwa.

Na buga ƙirji na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga aikin ilimi ko? Minti uku kacal!"

Aka yi tafi. Sakatare ya miƙo mini hannu, ina jin kaina a kan kujerar nan. Sai ga muryar Baba Audu daga baya, riƙe da kan waya a hannu:

"Injiniya, in jona yanzu, ko sai ka ɗaga hannun?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sakatare ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Da ya huta ya ce, "Malam, je ka koyo mana mai sanyaya ƙasa, shi muke nema."

Kujerar dai wani aka ba. Ni kuwa shekara goma ana kirana Injiniyan Ƙanƙara, har a kasuwa. Tun daga ranar, in tsoho ya yi mini tambayar da na ga ta wauta ce, nakan ja kujera in zauna, in ce, "Baba, sake faɗa."