Fistin a Cikin Man Suya

Akwai wani tsohon fita, wato makanike, a Zariya, Malam Sallau, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a loko yana gyaran kan jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya, maimakon ya huta kamar kowa, sai ya hau ƙera ɗan ƙaramin kan jirgi mai tururi, wanda bai fi tsawon tabarmar salla ba. Ya cika baki a majalisar tsofaffin abokan aikinsa cewa ranar Asabar za su ga jirgin yana gudu a tsakar gidansa. Komai ya haɗu sai abu ɗaya: da tururi ya taso, sai fistin, ƙarfen da tururin ke turawa, ya saɓule daga sandarsa, jirgi ya yi tari ya tsaya. Ya ɗaure da noti ya kwance, ya sa gam ya narke. Ga Asabar ta matso, ga tsofaffin nan ba su da aiki sai dariyar mutum. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya koma dabarar loko: a gasa fistin raminsa ya buɗe, a sanyaya sanda ta tsuke, a zura da sauri. Sanda dai ya cusa ta a firiza cikin ƙullin zoɓon matarsa, Hajiya Dije. Fistin kuwa, da ya ga ta juya baya, ya jefa shi cikin man da take soya wa surukansu kaji.

Hajiya ta sa matsami za ta kwashe cinya, sai ga ƙarfe.

"Malam! Mene ne wannan a cikin abincin baƙi?"

"Kar ki taɓa, Hajiya, bai gama ɗaukar zafi ba! Na wanke shi da omo, wallahi."

Ya sheƙo da sanda tana hayaƙin sanyi, ya cafko fistin da filaya, ya zura, ya ɗan doka. Suka kama juna gam. Ya ɗaga yana washe baki, mai na ɗiga a rigarsa.

"Kin ga aikin manya? Ɗaya ya yi zafi kamar wuta, ɗaya ya yi sanyi kamar ƙanƙara, a haɗa su. Shi ke nan, ko da guduma ba mai raba su."

Hajiya ta dube shi, ta dubi kajinta.

"Allah sarki! Ashe shi ya sa shekara da shekaru ina tafasa kana sanyi ƙalau, na kasa tafiya gidanmu."