Ramin Bushiya da Masanan Dajin Sin

A wani daji da ke bakin kogi, wasu giwaye masu ƙananan kunnuwa suka iso daga Dajin Sin, suka fara share hanya zuwa mashaya. Bushiya ta ga turakunsu na alamar hanya sun doso kukar da raminta yake. Ga 'ya'yanta ko ƙaya ba su yi ba, in ta fito da su fili babu dalili, shirwa na jira. Ta garzaya majalisa.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Gwanki, shugaban majalisa, "hanyar nan ta kan ramina za ta bi? In tashi ne, a gaya mini."

Gwanki ya ce a kira masanan Dajin Sin. Su biyu ne, Burtu da Damo, kuma babu wanda ya taɓa taka can, ko ya iya gaisuwa da harshensu. Aikinsu kawai bin labarin taron giwayen na shekara-shekara: wa ya zauna dama da shugaba, wa aka mayar baya.

Burtu ya kumbura maƙogwaro. "Bana Mai Karyayyen Haure ya koma sahu na biyu. Gidansu ya tsage ke nan. Kafin kaka Dajin Sin zai rushe, hanya ta mutu. Je ki yi barcinki, Iya."

Tun uwarta na da rai Bushiya take jin wannan rushewar.

"Haba, Malam Burtu!" in ji Damo. "Sahu na biyu ya fi inuwa, girma aka ƙara masa. Dajin nan gaba ɗaya za su haɗiye. Ina amfanin gudu?"

Ran Bushiya ya ɓaci. "Jama'a, ga giwayen can bayan tudu, muna jin faɗuwar itatuwa! A aika a tambaye su mana!"

"Tambaya?" Burtu ya yi tsaki. "Abin da suka faɗa da baki ai kowa ma zai ji. Wannan ba bincike ba ne."

Gwanki ya tunatar da cewa magana da baƙi hurumin majalisa ne, wanda ya yi gaban kansa za a hana shi mashaya. Ya ɗage zama sai an ga kujerun taron baɗi.

Kafin sati ya zagayo kukar ta faɗi. Bushiya ta tsira da ɗa guda a baki, sauran kuwa ƙasa ta rufe su.

Da aka kai wa masana labari, karo na farko bakinsu ya zo ɗaya: rami ba ya cikin manufofin ƙasashen waje.